Alhaji Abubakar Imam da Jaridar Kwabo Ɗaya

Kwamitin wannan takarda ya raba aiki, wasu aka ba su lissafin adashi da rance, mu 'yan ajin yaƙi da jahilci kuwa aka ce mu kawo tarihin wani babban mutum da ya riga mu gidan gaskiya. Muka zaɓi Alhaji Abubakar Imam. Da yawa cikinmu da littafinsa Magana Jari Ce muka fara jin daɗin karatu, amma ba a kan hikayoyinsa za mu tsaya ba. Aikinsa na jarida muke so mu duba, don shi ya shafi halin da muke ciki a Sabon Birni da Isa, inda labarin ƙarya ɗaya kan hana mace cin kasuwa, wani na ƙaryar kuma ya sa ta bi hanyar da bai kamata ta bi ba a ranar.

An haife shi a Kagara a 1911. Garin yanzu yana cikin Jihar Neja ta Najeriya, kada a haɗa da Nijar ta maƙwabtanmu. Gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne a garin, saboda haka da allo yaron ya fara. Daga baya ya bi wansa, Malam Bello Kagara, zuwa Katsina, can ya shiga boko. A 1927 ya samu shiga Kwalejin Katsina, ya fita a 1932. A makarantar ya tarar da Ahmadu Bello ɗan Rabah, wanda ya zama Sardauna, kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shigo ya same shi. Ku riƙe waɗannan sunaye, za su dawo. Da ya gama aka ba shi koyarwa a Midil ta Katsina.

A 1933 wani Bature mai suna Dokta Rupert East, da ke ofishin fassara da talifi a Zariya, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Malam Abubakar yana da shekara 22 ya aika da Ruwan Bagaja, ya shiga cikin littattafai biyar da aka zaɓa aka buga. Gandoki na wansa Bello Kagara yana ciki, haka Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Dokta East ya ga yaron yana da hannu, sai a 1936 ya aro shi daga Katsina zuwa Zariya, a nan ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Wadda ta karanta ta san aku ne gwanin labarin, tsuntsun da ba shi da jari sai bakinsa, kuma a fada yake cin abinci. Ba mu ce da kansa yake ba, amma dai rayuwarsa ta zo ta yi kama da haka.

Abin da ya haifi jaridar jita-jita ce. Wajen 1938 Hitila na Jamus yana neman a mayar wa ƙasarsa da yankunan da aka ƙwace mata a Afirka bayan yaƙin duniya na farko, sai magana ta bazu a kasuwanni da tashoshi wai Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus don a zauna lafiya. Turawan mulki da ke Kaduna suka ga ba su da bakin da za su yi wa talaka magana kai tsaye. A watan Janairu na 1939 aka fitar da jaridar Hausa a Zariya, aka sa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Ga yaran yanzu: kwabo 12 ne sule guda, sule 20 ne fam. Malam Abubakar Imam shi aka ɗora a kujerar edita, Dokta East yana samansa. Da fari sau ɗaya take fita a wata, daga baya aka matso da ita. Har da 'yar takardar ajami aka riƙa haɗawa, ana ce mata 'Yar Gaskiya, saboda malaman da ba su yi boko ba.

Wata takwas da fitowarta yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Mu mutanen bakin iyaka yaƙin ya taɓa kakanninmu ta wata fuska daban. A 1940 Jamus ta ci Faransa, Turawan da ke mulkin Nijar suka bi gwamnatin da ta yi sulhu da Hitila, har zuwa ƙarshen 1942. Ke nan Bagobirin Sabon Birni yana ƙarƙashin Ingila, ɗan uwansa na Tsibiri ko Madawa yana ƙarƙashin waɗanda Ingila ba ta yarda da su ba, ga aure da kasuwa sun haɗa su. Kowane ɓangare da nasa labarin yaƙin. A irin wannan lokaci gwamnati ba ta buga jarida don Allah da Annabi. Tana so a ji nasarorinta, a shiga soja, a ba da gudunmawa, kuma jaridar ta yi wannan aikin, babu amfanin ɓoyewa. Samarin Arewa da aka kai Habasha da Bama ma ana aika musu da ita.

To a nan ƙullin yake, kuma mu 'yan kasuwa mun san shi tun kafin mu iya rubuta sunanmu. Dillaliya mai kaya ce ta ba ta kaya, daga cikin cinikin take cin la'ada. Amma mai saye ita ce ta yarda da bakinta ta zaro kuɗi. In ta ɓoye aibin zane don mai kaya ta ji daɗi, yau ta ci, gobe ba mai sake tsayawa gabanta. In kuma ta tsaya tsakiyar kasuwa tana kushe kayan da aka ba ta, ba mai sake ba ta ko ɗankwali. Haka Malam Abubakar ya zauna shekara 12: gwamnati ke biyan albashi da tawada da takarda, talaka ke ba da kwabo da amana.

Dabarar da ya yi ita ce ya buɗe wa masu karatu ƙofa. Ya ware fili na wasiƙu, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa da sojoji suka riƙa rubutowa daga larduna, ana bugawa. A nan aka fara ganin koke-koken da a da sai a zaure ake yinsu da murya ƙasa-ƙasa, irin su cin hanci da wulaƙancin da ƙananan ma'aikata ke yi wa talaka. Ba kowane babba ne ya ji daɗin haka ba, don a lokacin En'e ke da kotu da 'yan doka da gidan yari, mutum bai saba ganin an ɗaga mata yatsa ba. Shi kuma editan yana da nasa salon, ba ya zagi, sai ya kawo misali ko karin magana ko ɗan labari mai ban dariya, wanda aka yi dominsa ya gane, ya rasa inda zai kama shi. Hausarsa kuma ta kowa ce. Mutum ɗaya mai boko zai karanta a gindin bishiya, jama'a su saurara su fahimta, ba sai an yi musu fashin baƙi ba. Mu da muka koyi karatu da girma mun san darajar wannan. Wasu jaridun yanzu sai ka karanta layi uku kana neman wanda zai juya maka Hausar zuwa Hausa.

Babban gwajinsa ya zo a 1943. Ana tsakiyar yaƙi aka gayyaci 'yan jarida takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila ke mulka su je su ga ƙasar. Shi kaɗai ne daga Arewa. A cikin tawagar akwai Dokta Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot ta Legas, wadda ya kafa a 1937, tasa ce ta kansa, kuma ba ta raga wa Turawa. Azikiwe ya shirya takarda da za a miƙa wa gwamnatin Ingila, ana neman a tsara ba da mulkin kai cikin shekara 15. Aka nemi kowa ya sa hannu. Malam Abubakar ya ƙi. Dalilinsa shi ne ba a yi shawara da mutanen Arewa ba, ba su aiko shi da wannan saƙo ba, kuma a ganinsa Arewa ba ta da isassun masu ilmin zamani da za su riƙe ofisoshi. Jaridun Legas suka yi masa ca, aka ɗauke shi yaron Turawa.

Da a nan labarin ya tsaya, da mu ma sai mu ce haka ne. Amma a wannan tafiyar dai ya gana da Lugga, Baturen nan da sojojinsa suka ci Sakkwato a 1903, wanda ya shimfiɗa tsarin mulki ta hannun sarakuna. Lokacin ya tsufa tukuf, yana da shekara 85. Malam Abubakar, ɗan shekara 32, ma'aikacin gwamnati, ya zauna ya zayyana masa inda tsarin nasa ya lalace: talaka ba shi da inda zai kai kuka, samarin da aka koya wa boko ba a sauraronsu, Baturen mulki kuma abin da fada ta gaya masa shi kaɗai yake ji. Ya kuma sa abin a rubuce, maganar ta kai ga manyan da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka. Ku duba fa. A tafiya ɗaya ya ƙi bin ɗan uwansa baƙar fata a kan abin da bai gamsu da shi ba, ya kuma gaya wa mai gidan abin da ba ya son ji. Muna iya saɓa masa a kan ƙin sa hannun, don mulkin kai ya zo a 1960, shekara biyu kacal bayan wa'adin da Azikiwe ya nema. Amma ba mu ga alamar ya auna wa wani da mudu ɗaya ya auna wa wani da wani mudun ba. Labarin tafiyar ya rubuta shi a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Bayan yaƙi, a 1945, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, da injinan ɗab'i na kansa, a 1948 kuma aka ƙara jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen. An ce kamfani ne mai cin gashin kansa, amma kuɗin kafa shi daga gwamnati ya fito, ita ke naɗa masu kula da shi. Wadda ta ba ki jari ko ba ta zo rumfa ba, kin san tana nan.

Sai siyasa ta shigo, kuma a nan ne muka daɗe muna gardama a aji. A 1948 da 1949 'yan bokon Arewa suka haɗu suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, Dokta Dikko ne shugaba, Malam Abubakar Imam yana cikin waɗanda suka kafa ta, shi aka ba ma'aji. Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur ma da su aka fara. An ce ƙungiyar al'adu ce ba ta siyasa ba, amma kowa ya san inda aka dosa. Ga shi kuma yana nan a kujerar edita. A farkon 1950, lokacin da ake ta muhawara kan sabon tsarin mulki bayan taron Ibadan, ya rubuta sharhi mai zafi yana gargaɗin cewa in Turawa suka tafi da gaggawa, mutanen Kudu ne za su gaje kujerunsu a Arewa, tunda su suka cika ofisoshi da tashoshin jirgin ƙasa. Wannan ra'ayin ɓangare ɗaya ne, kuma a jaridar da ake bugawa da kuɗin kowa ya fito.

A watan Agusta na 1950 masu zafin ra'ayi suka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da ta ce ita ta talakawa ce. 'Yan NEPU ba su ɗauki Gaskiya Ta Fi Kwabo tasu ba. Sun fi samun fili a jaridar Comet ta Azikiwe, wadda ta koma Kano a 1949. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fito fili ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC, abokan karatunsa na Katsina, Sardauna da Tafawa Ɓalewa, suka zama jagororinta. A shekarar aka yi zaɓe, Malam Abubakar ya shiga majalisa, ya kuma sauka daga kujerar edita. (Zaɓen nan ba da mu aka yi ba. Matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai 1976.)

Ra'ayinmu a nan kashi biyu ne, kuma ba mu ga dalilin haɗe su ba. Saukar da ya yi daidai ce, ta fi abin da muke gani yau. Amma shekara biyun nan da ya haɗa ma'ajin jam'iyya da editan jarida, a wurinmu da gyara. A ƙungiyarmu ba ma yarda mai riƙe kuɗi ta zama ita ce mai binciken littafin kuɗi, ko da kuwa kowa ya shaida amanarta, don wadda ba ta samu rance ba za ta ce an yi son kai, kuma ba ki da abin da za ki rufe mata baki. Ɗan NEPU da 'yan doka suka kama a ƙauye, ya ga mai jaridar jami'in ɗaya ɓangaren ne, yaya za a yi ya aika masa da kukansa? Wasu cikinmu sun ce a lokacin masu boko 'yan kaɗan ne, dole mutum ɗaya ya ɗauki tulu biyu. Wannan uzuri ne, mun karɓa, amma bai goge maganar ba.

Abin da ya sa muka nace a kan wannan, kowa a nan ya san shi. A watan Satumba na 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni, aka kuma dakatar da kasuwannin mako a wurare da dama. Wanda ke kusa da iyaka sai ya nemi layin Nijar kafin ya ji muryar ɗansa. A watannin nan rediyo ce kaɗai ta rage mana, da bakin direbobi. Muna binne mutane, wani gidan rediyon yana cewa komai ya lafa. Wani kuma ya ninka adadin don ya ɓata wanda ke kan mulki. A 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. A watan Oktoba na shekarar, gwamnatin Zamfara, nan maƙwabtanmu, ta ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin a Gusau don sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. Ga sojojin baka da ɗan siyasa ke saya wa fili su yi ta yabo da zagi, mai sauraro bai san an biya ba. Ga saƙon murya a WhatsApp da ba a san bakin da ya fito ba, kafin azahar ya zagaye gari. Jita-jitar 1938 sai da ta bi ayarin fatake da jirgin ƙasa kafin ta iso, ta yanzu a cikin lalitarmu take kwana.

Ba mu ce zamanin Malam Abubakar ya fi namu 'yanci ba. Bai fi ba, Bature ne a samansa, kuma akwai iyakar da bai taɓa tsallakewa ba, bai taɓa cewa Turawa su tattara su tafi gobe ba. Bambancin da muka gani shi ne mai sayen jaridarsa ya san ta wace ce, ya san sunan wanda ya rubuta, ya san inda zai aika da wasiƙa in an yi masa ba daidai ba, kuma akwai ranar da zai buɗe ya ga an buga ta.

Akwai wani zare da ya haɗa mu da gidan nan na Zariya kai tsaye. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Arewa ta tashi yaƙi da jahilci gadan-gadan, aka kafa hukumar NORLA don samar wa sababbin masu karatu abin karantawa. Daga Zariya ake buga Jakadiya da Hausa mai sauƙi, aka kuma yi wa larduna ƙananan jaridunsu: Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zariya. Ajin da muke zama yau bayan an tashi kasuwa, jikan wancan ne. Iyayenmu mata kaɗan ne suka samu shiga na farkon, shi ya sa wasiƙun da suka cika jaridun lokacin kusan duk na maza ne.

Shi kuwa siyasar majalisa ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Ya koma aikin gwamnati, ya shiga hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa har ya shugabance ta, a daidai lokacin da ake ta ƙoƙarin sa 'yan Arewa a ofisoshin da ya yi gargaɗi a kansu. Ya ci gaba da rubuta littattafai, har da na tarihin Musulunci. A shekarun 1970 aka ba shi aikin karɓar koke-koken jama'a a jihar da Kaduna ce hedikwatarta, wato kusan aikin da ya fara da filin wasiƙu, sai dai yanzu da hatimin hukuma. Ya rasu a Zariya a 1981 yana da shekara 70. Tarihin rayuwarsa da ya bari, Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara shi aka buga a 1989.

Jaridar ta rayu bayansa. Tun 1966 ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna, a 1975 gwamnatin soja ta Murtala ta karɓe kamfanin, daga baya aka mayar wa jihohin Arewa 19. Masu gida suka yi yawa, mai kula ya yi ƙaranci, bashin albashi ya taru, yau ba ka ganinta wurin masu sayar da jarida. Littattafansa dai suna nan, ana samunsu a shagunan littattafai na Sakkwato da Gusau, wadda ta aiki ɗanta sai ta ce ya haɗo da Tafiya Mabuɗin Ilmi. Allah Ya jiƙan Malam Abubakar, Ya jiƙan namu da muka rasa a hanyoyin nan, Ya zaunar mana da ƙasar Gobir lafiya.